Hausawan Sudan: Tawakkali a Kan Hanyar da Ba Ta Ƙare Ba

A gabar kogin Nilu, reshen da Larabawa ke kira Bahar Azraƙ, kudu da birnin Sinnar na ƙasar Sudan, akwai wani gari mai sunan Hausa, wato Mai Wurno. Asalinsa yana komawa ga yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya yana kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ne ya tattara waɗanda suka tsira, ya ci gaba da tafiya da su, har suka ya da zango a nan bayan 'yan shekaru. Niyyar da yawansu Makka ce. Jikokinsu da tattaɓa-kunnensu suna nan har yau.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. Tun kafin zuwan Turawa, har zuwa bayan da jirgin sama ya fara jigilar alhazai, talakawa daga Kano da Katsina da Damagaram sun riƙa dosar gabas a ƙasa. Sukan ratsa Barno, su keta Chadi ta Abashe, su faɗa Darfur ta Aljinaina da Alfashir, su wuce Ubayyid da Hartum, sannan su isa bakin Bahar Maliya, a Sawakin ko Fot Sudan, su jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar da jirgi ke yi a yau cikin sa'o'i biyar, a wancan zamani takan ci shekaru. Idan guzuri ya ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago, ko ga-ruwa, ko wanzanci, ko ya buɗe makarantar allo. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa daga cikin masu tsinkar audugar waɗannan maniyyata ne, suna tara kuɗin zango na gaba.

To, mene ne yake ɗaga mutum da asuba a shekara ta bakwai ta tafiyarsa, bayan ya binne mata ko ɗa a bakin hanya, gida ya yi nisa, Makka kuma ba ta matso ba? Sunan da suke ba shi tawakkali. Malamai sun daɗe da raba shi da zaman kashe wando. Imam Gazali ya ware masa babi guda a Ihya'u Ulumiddin, kuma abin da ya nuna shi ne tawakkali hali ne na zuciya, ba ya hana gaɓoɓi aiki. Bahaushe ya taƙaita zancen da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Maniyyacin ya riƙe fartanyarsa, ya bar wa Ubangiji ranar isa. Wannan rabon aiki shi ne yake sauke masa kaya, domin ba nisan hanya kaɗai ke gajiyar da mutum ba, har da ganin cewa ya kasa.

Wani masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna da irin waɗannan mutane a Sudan, ya wallafa littafi a kansu a 1995. Ya tarar da waɗanda a can aka haife su, aka haifi iyayensu, amma suna ɗaukar kansu alhazai ne a kan hanya, waɗanda lokacinsu bai yi ba tukuna. Na waje yana iya cewa yaudarar kai ce. Sai dai mutumin da ya yarda cewa jinkirinsa yana cikin ƙaddarar Allah ba ya kwana da kunyar faɗuwa, kuma gobe yana da dalilin fita gona.

Amma wannan suna na matafiyi ya zo da tsadarsa. Wanda ya ce yana kan hanya, maƙwabcinsa yana iya ce masa baƙo ko da ya shekara ɗari. A watan Yulin 2022, rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ bayan da Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna cewa ƙasar ba tasu ba ce. An kashe fiye da mutum 100. A watan Oktoba aka sake kashe kimanin 200 a yankin Wad Almahi. Hausawa sun fita zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum. Masu cewa mai tawakkali ba ya neman haƙƙinsa, sai su dubi waɗannan tituna.

Ba a gama zaman makoki ba, sai yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023, ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma, maƙwabciyar Mai Wurno, a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato su. A Darfur, dubban ɗaruruwan mutane sun tsere daga Aljinaina zuwa Adire a Chadi, a ƙafa, a kan hanyar nan ta alhazai, sai dai fuskarsu tana yamma.

Cikin wannan hali ne aka farfaɗo da takaya, wato dafa abinci a unguwa a raba wa kowa, al'adar da ta samo tushe daga zawiyoyin shehunan ɗariƙa masu ciyar da almajirai da matafiya. Ba ta wata ƙabila ɗaya ba ce, ta dukan Sudan ce. Matasa 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, da gudunmawar da 'yan uwa mazauna Saudiyya da Ingila da sauran ƙasashe ke aikowa ta wayar hannu. An kama wasunsu, an kashe wasu. Sau da yawa abin da ke cikin tukunyar wake ne ko adas, sau ɗaya a yini, kuma masu girkin kan hura wutar yau ba tare da sun ga kuɗin cefanen gobe ba.