Kafin ’Yan Gwangwan Su Yanka: Yadda Ake Karanta Tarihin Tsohuwar Motar Soja

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega ta nufi Maiyama ya san gawarwakin manyan motoci da ke yashe a bayan gareji da gefen tasha. Galibinsu na ’yan kasuwa ne tun asali, amma jefi-jefi akan sami wadda ta fara aiki a bariki, aka yi gwanjonta, ta ƙare rayuwarta tana dakon albasar Aliero ko buhunan hatsi zuwa kasuwar Jega. A yau ’yan gwangwan na saye suna yankawa, su auna a sikeli su loda zuwa masana’antun narka ƙarfe. Abin da ake asara ya wuce ƙarfe, domin motar soja takarda ce mai rubutu a jiki, ga wanda ya iya karatunta.

Karatun yana farawa da sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motar da sitiyarinta ke gefen dama ko dai ta riga wannan rana shigowa, ko kuwa an kawo ta daga ƙasar da ke tuƙi irin na Ingila. Daga nan sai a nemi ɗan farantin ƙarfen da ke cikin kan motar, da lambar da aka buga a jikin shasi. Fenti yakan canza, inji ma akan sauya shi, amma lambar shasi ba ta barin mota. Ita ke faɗin kamfani da samfuri, wani lokaci har da shekarar ƙira. Idan Bedford RL ce, ƙirarta ta faro ne a 1953. Idan Steyr ce, mai yiwuwa a Bauchi aka harhaɗa ta, inda aka kafa masana’antar a ƙarshen shekarun 1970.

Bayan haka sai fenti. A shekarar 1977 gwamnatin soja ta haramta wa farar hula amfani da launin soja a jikin motocinsu, don haka duk wanda ya sayi ta gwanjo dole ya rufe koren da wani launi. Rufewar nan ita ce ta adana abin da ke ƙasa. Idan aka bi da samfefa mai laushi a hankali a kan ƙofa da gaban mota, tsoffin alamomi sukan fito ɗaya bayan ɗaya.

Sojan Nijeriya ya tashi ne a kan tsarin Ingilishi, kuma a wancan tsari kowace alama da aikinta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, lambar da ke jikin ƙofa tana farawa da harafi: L babbar motar kaya, Z ƙaramar ɗaukar kaya, A motar marasa lafiya, T kuma tankar yaƙi. Da’ira mai ruwan ɗorawa da baƙar lamba a ciki tana sanar da mai gadin gada ajin nauyin motar, don kada ta hau gadar da ba za ta ɗauke ta ba. Sai ɗan murabba’i mai launi da lamba a ciki: ja bisa shuɗi na ’yan atilare ne, shuɗi zalla na injiniyoyi, fari bisa shuɗi na ’yan sigina, ja da kore a karkace kuma na masu jigilar kaya da abinci. Launin yana faɗin sana’a, lambar tana faɗin rukuni.

Alamar da ta fi kusa da mu ita ce tambarin runduna. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Nijeriya a 1943, tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, wato Ananse na tatsuniyoyin Asante, ɗan’uwan namu Gizon mai cin nasara da dabara. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Dalilin gammon shi ne, a dazukan Arakan da kwarin Kaladan na ƙasar Bama, inda mota ba ta iya shiga, dubban sojojinmu a ka suka ɗauki kayan yaƙi. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung cikin Janairun 1945, kuma har gobe akwai bariki mai wannan suna a Legas. Motocin wancan zamani sun yi ƙaranci ƙwarai, ta yiwu ma a fi samun gizo-gizon a kafaɗar tsohuwar kaki cikin adakar kakan wani. Waɗanda aka fi cin karo da su na bayan ’yanci ne, musamman na yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan ƙasar ya tashi daga kusan 10,000 zuwa kimanin 250,000, buƙatar motoci ta ninka.

Sai dai alama kaɗai ba ta zama hujja. Mota takan sauya rukuni, makanikai kuma sukan ɗora ƙofar wata a jikin wata. Dole a gwada abin da aka gani da takardar gwanjo, da tsohon lasisi, da bayanan Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da na Arewa House, sannan da bakin tsofaffin direbobi da sojojin da suka yi ritaya. Waɗannan dattawa su ne suka fi saurin ƙarewa.

Aikin nan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Jami’ar kimiyya da fasaha da ke Aliero tana da ɗaliban injiniya da za su iya zagaya garejojin ƙananan hukumomin uku, su ɗauki hoton kowace tsohuwar mota, su rubuta lambar shasi da abin da mai ita ya sani. Ƙungiyoyin direbobi su nuna musu hanya. Gwamnatin Kebbi kuma ta sayi ko da guda ɗaya ta kai Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Ga mai motar kuwa, ba a ce kada ya sayar da kayansa ba. Roƙon shi ne, kafin a kunna wutar yanka, ya bari a ɗauki hoto, a kuma cire ɗan farantin nan a adana.