Ciwon Mantuwa Kafin Tsufa: Yadda Masu Shi Ke Riƙe Juna

A shekarar 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali a Frankfurt ta ƙasar Jamus, tana da shekara 51. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer, wanda daga baya cutar mantuwar da ke damunta ta ɗauki sunansa. Ashe tun farko ciwon da muke jingina wa gigin tsufa bai tsaya kan tsofaffi ba. Idan ya kama mutum kafin ya cika 65, likitoci na ware shi daban, kuma wani bincike na 2021 ya ƙiyasta masu shi a duniya sun kai miliyan 3.9.

Nauyinsa ma daban ne. Mai shekara 45 yana da aiki, yana da 'ya'ya a makaranta, wataƙila iyayensa ma shi ke ci da su. Sau da yawa ba da mantuwa ciwon ke farawa ba. Hali ne ke sauyawa, ko magana ta riƙa kuɓucewa, sai a ce gajiya ce ko damuwa, a yi shekaru ana yawon asibiti. In an gano, sai a tura shi wurin da aka tanadar wa sa'o'in mahaifinsa.

Kate Swaffer, tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Ostireliya, tana da shekara 49 aka gano nata. Shawarar da aka ba ta ita ce ta ajiye aiki da karatu, ta koma gida ta shirya wa ƙarshe. Ta ƙi. A 2014 ita da wasu masu ciwon suka kafa Dementia Alliance International, ƙungiyar da masu ciwon ke tafiyar da ita da kansu, suna haɗuwa ta intanet a ƙananan zauruka, kowa na faɗin abin da ke damunsa ba tare da wani ya karɓe masa magana ba. Kafin su, a 2002, an kafa irinta a Sikotilan, kuma tun 1997 Bère Miesen ya buɗe wurin shan shayin masu ciwon da iyalansu a birnin Leiden na Holan.

Labarin da ya fi nuna amfanin riƙe juna shi ne na Tomofumi Tanno, mai sayar da motoci a Sendai ta Japan. A 2013, yana da shekara 39 da 'ya'ya mata biyu, aka shaida masa yana da Alzheimer. Duk abin da ya karanta na cewa ba da jimawa ba zai kwanta. Abin da ya ɗaga shi haɗuwa ce da wani mai ciwon da ya girme shi, yana dariya, yana yawonsa. Kamfaninsa bai sallame shi ba, ya mayar da shi ofis, inda yake rubuta matakan kowane aiki a littafi yana bi. A aljihunsa akwai kati mai bayyana ciwonsa da tashar jirgin da zai sauka. In hanya ta ɓace masa, ya nuna wa na kusa. A 2015 ya buɗe Orange Door, inda sabon mai ciwon ke zama da wanda ya riga shi.

Dalilin tasirin ba ɓoyayye ba ne. Likita na bayanin ciwo, iyali na tausayi, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya sha ɓata a kasuwa shi ya san dabarar komawa gida, kuma ganinsa a tsaye hujja ce da babu takardar asibitin da za ta bayar. Wannan bai maye gurbin magani ko nas ba, bai kuma tsayar da ciwon ba. Amma yana hana kaɗaici cinye shekarun da mutum ke da sauran ƙarfi.

In wani naka ya fara canzawa tun da sauran ƙuruciyarsa, kafin a ce sammu ne a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma kada a karɓe masa aikin da har yanzu yake iyawa.