Me ake buƙata kafin a buɗe shafin intanet?

Ko na sana'a ne ko na ƙungiyar agaji, abu uku ke tsayar da shafin intanet. Na farko adireshi, wanda mutane za su rubuta su iso gare ka. A Najeriya, NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, kuma akan sabunta rajista duk shekara. Na biyu masauki, wato kwamfutar haya mai riƙe da rubutu da hotunanka dare da rana. Na uku manhajar gini, irin WordPress, wadda ta fito kyauta a 2003.

In wani zai gina maka, ka tabbata da sunanka aka yi rajistar, kuma kalmar sirri tana hannunka.