Yadda ɗan shekara 43 ya hau kan gaba a tenis na bibbiyu

A wasan tenis na maza bibbiyu, ƙungiyar ƴan wasa ta duniya, watau ATP, ita ce ke jera sunaye bisa makin da kowa ya tara, kuma tun shekara ta 1976 take wannan aiki. Ko da yake mutum biyu ke shiga fili tare, kowanensu da nasa lissafi daban.

Sai dai maki ba ya dawwama. Sati 52 ne wa'adinsa, daga nan sai a share shi. Lamarin tamkar rumbun manomi ne: ana zuba hatsin bana, na bara yana ƙarewa. Saboda haka wanda ya ci gasa bara, in ya faɗi da wuri bana, sai ya gangara ƙasa; wanda kuwa bai samu kome ba bara, duk abin da ya samu bana riba ce.

Manyan gasanni huɗu ne suka fi girgiza jerin: ta Ostiraliya, da Rolan Garos a Faransa, da Wimbildon a Ingila, da ta Amurka. A cikinsu zakara yana samun maki 2000, wanda aka kayar a wasan ƙarshe 1200, wanda ya tsaya a na kusa da ƙarshe 720.

Abin da ya faru a birnin Melburn na Ostiraliya cikin watan Janairu 2024 ya isa misali. Austin Krajicek, ɗan Amurka, shi ne na ɗaya sa'ad da aka buɗe gasa, amma aka fid da shi a zagaye na biyu. Rohan Bopanna, ɗan Indiya, yana na uku. Bara tun zagayen farko aka kayar da shi da abokinsa Matthew Ebden, ɗan Ostiraliya, don haka ba su da makin da za a share musu. Da suka kai wasan kusa da ƙarshe, lissafi ya tabbatar wa Bopanna matsayi na ɗaya, tun ba a san mai ɗaukar kofi ba. Ran 27 ga wata suka kayar da Bolelli da Vavassori, ƴan Italiya, da ci 7-6 da 7-5.

To, makin abokan biyu ya zo daidai. Wa za a sa gaba? Doka ta ce wanda ya shiga gasanni kaɗan shi ne gaba. Haka Bopanna ya zama na ɗaya ran 29 ga Janairu, yana da shekara 43. Ba a taɓa samun wanda ya hau matsayin nan da yawan shekarunsa ba. Sau 60 ya nemi irin kofin nan bai samu ba, sai a karo na 61. Mahaƙurci mawadaci.

Amma sati huɗu kawai aka yi, lissafi ya juya, Ebden ya karɓi matsayin daga hannun abokinsa.