Dearborn: Garin Masana'antar Mota Da Musulmi Suka Kafu A Cikinsa

Yau filin namu zai leƙa wani gari na ƙasar Amurka mai suna Dearborn, wanda yake cikin Jihar Michigan, can tsakiyar ƙasar ta wajen arewa inda manyan tafkuna suke. Ba wani ƙasaitaccen birni ba ne, don a ƙidayar 1 ga Afrilu 2020 mutanensa 109,976 ne. Amma fiye da rabinsu asalinsu daga ƙasashen Larabawa ne da maƙwabtansu, kuma mafi yawan waɗannan Musulmi ne. Abin da ya kamata mu bincika shi ne yadda baƙi waɗanda suka zo neman aikin lebura suka zama masu gari, har magajin garin ya fito daga cikinsu.

Shi dai Dearborn yana jingine ne da babban birnin Detroit ta wajen yamma, har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba dutse, ga tsananin sanyi da ƙanƙara a lokacin hunturu. Wani kogi mai suna Rouge ya ratsa garin, ya gangara ya faɗa kogin Detroit, wanda shi ne iyakar Amurka da Kanada a wannan yanki. Ta wannan hanyar ruwa jirage suke iya shigowa daga manyan tafkuna da kaya masu nauyi, kuma a kan wannan baiwa arzikin garin ya tsayu.

An raɗa wa garin sunan Janar Henry Dearborn, ɗaya daga cikin sojojin yaƙin neman 'yancin Amurka. A 1833 gwamnati ta soma gina rumbun makamai a wurin, a bakin hanyar da ta tashi daga Detroit zuwa Shikago, sai ƙauyen manoma ya taru a gefensa. A cikin gonakin nan aka haifi Henry Ford a 1863, wanda ya kafa kamfanin motoci na Ford a 1903. A 1914 ya ba duniya mamaki, ya mai da ladan ma'aikacinsa dala 5 a yini, wato fiye da ninki biyu na abin da ake biya a da. Labari ya bazu har ƙauyukan Lebanon da Siriya, samari suka yi ta ɗaura kaya suna hawa jirgin ruwa.

A 1917 Ford ya soma gina wata gagarumar masana'anta a bakin kogin Rouge, aka kammala ta a 1928. Nufinsa shi ne tama da gawayin kwal su shigo ta ƙofa ɗaya, mota ta fita ta ɗaya ƙofar, ba tare da ya nemi kome a hannun wani ba. Nan ake narka ƙarfe, nan ake yin gilashi, nan ake harhaɗa mota. A shekarun 1930 ma'aikatan wurin sun haura 100,000. A 1929 aka haɗe Dearborn da maƙwabcinsa Fordson suka zama gari ɗaya. Aikin kuwa ba na ragwaye ba ne, kuma ba a samu haƙƙi a ɓagas ba. A 1932, lokacin da tattalin arziki ya karye, marasa aiki suka yi jerin gwano zuwa ƙofar masana'antar, aka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu a ranar. Sai a 1941 kamfanin ya yarda da ƙungiyar ƙwadago.

Larabawan da suka sami aiki a Rouge sun sauka ne a unguwar kudancin gari, dab da katangar masana'anta, inda haya take da araha saboda hayaƙi da ƙura. Daga ɗan abin da suke samu suka yi karo-karo, wajen 1938 suka kafa masallaci a titin Dix, wanda har yau ana salla a cikinsa. Daga bisani mutanen Yaman da Falasɗinawa suka biyo sawu. A 1963 kuma aka buɗe Cibiyar Musulunci ta Amurka a cikin Detroit, bisa jagorancin Imam Muhammad Jawad Chirri, malamin Shi'a ɗan Lebanon. A 2005 cibiyar ta koma sabon gininta a Dearborn, wanda yake cikin masallatai mafiya girma a Amurka ta Arewa.

Kada mai karatu ya zaci an tarye su da lale marhabin. Orville Hubbard, wanda ya riƙe kujerar magajin gari daga 1942 zuwa 1978, ya yi suna wajen wariyar launin fata da hana baƙar fata zama a garin. A zamaninsa hukuma ta ƙudura rushe unguwar kudu don a mai da ita filin masana'antu, ta yi ta sayen gidaje tana rusawa. Mazauna unguwar, Larabawa da waɗanda ba Larabawa ba, suka haɗa kai suka kai ƙara, a 1973 kotun tarayya ta ba su gaskiya. A cikin wannan gwagwarmaya ne, a 1971, aka kafa ƙungiyar ACCESS don taimakon baƙi wajen cika takardu da neman aiki da magani. Ita ce kuma ta buɗe gidan tarihin Larabawan Amurka a garin a 2005.

To, ana cikin haka sai kasuwar motocin Amurka ta soma ja da baya. Tsadar mai ta shekarun 1970, da shigowar motocin Japan, da injunan da suka maye gurbin hannun mutum, duk suka taru suka rage ma'aikata, har Rouge ta koma ta 'yan dubbai. A daidai wannan lokaci yaƙin basasa ya ɓarke a Lebanon a 1975, mutanen kudancin ƙasar, musamman na garin Bint Jubail, suka yi ta kwararowa wurin danginsu. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 mutanen Iraƙi su ma suka zo. Da suka tarar ƙofar masana'anta ta ƙuntata, sai suka juya ga sana'ar da suka gada, wato ciniki. Suka sayi kantunan da masu su suka bari a titin Warren, suka buɗe gidajen burodi da na abinci da mahautan naman halal da gidajen mai. Ɗan'uwa ya ranta wa ɗan'uwa jari, wanda ya kafu ya jawo na baya, titin da ya kusa mutuwa ya farfaɗo. Ribar kantunan nan ita ta biya kuɗin makaranta, 'ya'yansu suka fito likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malamai.

Sannu a hankali ƙarfin kasuwa ya zama ƙarfin ƙuri'a. A 1985 wani mai neman kujerar magajin gari ya raba takarda yana kiran Larabawa matsala, ya kuma ci zaɓe. Shekara 36 bayan haka, a 2021, garin ya zaɓi Abdullah Hammoud, ɗan baƙi 'yan Lebanon, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko a wannan kujera. A 2023 hukumar garin ta sa ranakun Ƙaramar Salla da Babbar Salla cikin hutun ma'aikatanta. Duk da haka da sauran aiki: unguwar kudu tana fama da gurɓatacciyar iska, akwai talauci a cikin sababbin baƙi, kuma masu ƙin Musulunci sukan zo daga nesa don tsokana. Hedkwatar Ford ma tana nan a garin, saboda haka in kamfanin ya yi atishawa, gari kan kama mura.

Darasin da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati za su ɗauka a nan bayyane yake. Albashi ya kawo mutanen nan Dearborn, amma ba shi ya tsayar da su ba, don ranar da masana'anta ta rage hannu da sun watse. Abin da ya riƙe su shi ne sun mai da albashin jari, sun mai da ribar ilmi da masallaci da ƙungiya, sun kuma nemi haƙƙinsu ta hanyar kotu da akwatin zaɓe. Allah ya ba mu ikon riƙon sana'a da amana, ya haɗa kanmu a kan alheri, amin.