Cijewar Ɗafin Edita a Lokacin Gwajin Gaɓoɓin Manhaja: Dalilai da Hanyar Bincike

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana wata matsala da ke addabar masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, watau cijewar ɗafin edita sa'ad da aka umarce shi da gudanar da gwaji. Mai rubutu yakan danna alamar gwaji, sai 'yar da'ira ta shiga juyawa har minti goma ko fiye, ba a ce an ci ba, ba a kuma ce an faɗi ba. Mun yi la'akari musamman da halin ɗalibi a ƙasar Yauri, tun daga Birnin Yauri da Yelwa har zuwa Wara da Shanga. Ko da yake madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, maƙwabciyarsa ce, wutar lantarki takan ɗauke, intanet kuma yakan yi rauni a ƙauyukan bakin tafki. Ga irin wannan ɗalibi, kowane minti na jira batir ne da kuɗin data suke ƙonewa. Abin da za mu nuna shi ne, manhajar da ta cije galibi jiran wani abu take yi, aikin mai bincike kuwa shi ne ya gano mai jiran da abin da yake jira.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Edita ita ce manhajar da ake rubuta wasu manhajoji a cikinta, kamar Visual Studio Code wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015. Kalmar ɗafi kuwa mun aro ta ne daga masana nahawu, muna nufin ƙaramar manhaja da ake liƙa wa edita don ta ƙara mata wani aiki. Gwajin gaɓa shi ne ɗan gajeren shiri da ke jarraba gaɓa ɗaya ta manhaja ita kaɗai: a ba ta lambobi sanannu, a duba ko amsarta ta dace. Kent Beck da Erich Gamma su ne suka yaɗa wannan ɗabi'a da JUnit a 1997, harshen Python kuma ya sami nasa kayan gwajin, unittest, a 2001. Daga baya pytest ya yi fice.

Lalle ne a lura cewa abubuwa uku ne ke aiki idan an danna alamar nan: edita, da ɗafi wanda ke gudana a keɓe, da kuma mai gwaji wanda ɗafin ke aike. Saƙo yana bi ta tsakaninsu ne ta wasu kafofi da ake kira bututu. Ko'ina a wannan silsila ana iya tsayawa.

3.0 Dalilan Cijewa

Bari mu ɗauki misali. A ƙaddara cewa ɗalibi ya rubuta manhaja don lissafin cinikin albasa da busasshen kifi a kasuwar Yauri, wadda ke ɗauko farashin Legas ta intanet, ta adana lissafi a rumbun bayanai.

3.1 Jiran amsa daga nesa. Shahararren kayan aikin nan na Python mai suna requests ba ya sa wa kiran da ya yi wa'adi sai mai rubutu ya sa da kansa. Idan layi ya tsinke bayan an haɗu, ba tare da ɗaya ɓangaren ya sanar ba, manhajar na iya zama tana sauraro har abada. Wannan shi ya sa gwajin da ya wuce lafiya a wurin da intanet ke da ƙarfi yake cijewa a bakin tafki.

3.2 Jiran ɗan Adam. In akwai layin da ke tambayar mai amfani adadin buhuna, a tagar umarni mutum zai ga tambayar ya amsa. Amma ɗafi yakan gudanar da gwaji a ɓoye, inda ba mai gani balle ya amsa. Shi pytest yana kare wannan ta hanyar kayar da gwajin nan take, sai fa in an kashe masa kama saƙonni da alamar -s.

3.3 Cijewa tun kafin gwaji. Kafin ɗafi ya jera sunayen gwaje-gwaje, sai an buɗe kowane fayil, duk wani umarni da aka rubuta a fili ba cikin wata gaɓa ba kuwa zai gudana a lokacin. Kenan kiran farashin Legas yana iya tsayar da kome alhali ba a fara gwaji ko ɗaya ba.

3.4 Kiki-kaka. A kwatanta masunta biyu a bakin ruwa: ɗaya ya riƙe jirgi yana jiran filafili, ɗaya ya riƙe filafili yana jiran jirgi, ba kuwa mai niyyar saki. Haka gwaji biyu da ke gudana tare sukan yi a kan rumbun bayanai. Edsger Dijkstra ya yi nazarin wannan tun 1965, Edward Coffman da abokansa kuma suka tsara sharuɗɗansa huɗu a 1971. Bututu ma yana jawo irinsa. A kan Linux cikinsa bisa al'ada bayit 65,536 ne. Idan mai gwaji ya cika shi, sai ya dakata har a kwashe, in kuwa ɗafi ya ce ba zai kwashe ba sai an gama gwaji, to an yi kiki-kaka.

3.5 An gama amma ba a fita ba. Wani lokaci gwaje-gwaje duk sun wuce, amma an bar wata haɗuwa a buɗe. Alal misali Mocha, mai gwajin JavaScript, tun daga fitowa ta 4 a 2017 ya daina tilasta fita bayan gwaji, saboda haka ɗafi sai ya yi ta jiran labarin kammalawa.

4.0 Hanyar Bincike

Mai karatu na iya tambaya, me ya hana edita ta gane da kanta cewa gwaji ba zai ƙare ba? Alan Turing ya tabbatar a 1936 cewa babu wata hanya gama-gari da za ta faɗi ko kowane shiri zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Dole dai mutum ya bi sawu, kuma muna ba da shawarar wannan jeri.

Na farko, a fitar da edita daga maganar. A gudanar da gwajin a tagar umarni, da Python ɗin da edita ke amfani da shi. In ya cije a can ma, laifin na manhaja ne, ɗafi ya kuɓuta.

Na biyu, a raba jerawa da gudanarwa. Umarnin pytest --collect-only yana jera gwaje-gwaje kawai. In ya tsaya nan, dalili na 3.3 ne. In ya wuce, a sake da alamar -v, wadda ke nuna sunan kowane gwaji. Na ƙarshen da ya bayyana ba sakamako, shi ne abin zargi.

Na uku, a tambayi manhajar inda ta tsaya. Saitin faulthandler_timeout na pytest yana buga layin da ake kai idan gwaji ya wuce daƙiƙun da aka yanka masa. A duba kuma ma'aunin aikin kwamfuta: in ya hau sama, zagaye ne marar iyaka; in yana ƙasa, jira ne.

Na huɗu, in gwaji ya wuce a tagar umarni amma ya cije a edita, sai a karanta rahoton da ɗafin ke rubutawa, sa'an nan a nemi ɗafin da ke da laifi ta hanyar rabi-da-rabi. A kashe rabinsu a gwada, a sake raba rabin da matsalar ke ciki. Mai ɗafi 32 zai kama mai laifi a gwaji 5. Visual Studio Code tana da umarni na musamman don wannan aiki.

5.0 Kammalawa

Mun ga dalilai biyar na cijewa da matakai huɗu na bincike. Riga-kafi kuwa, wanda ya fi magani, abu biyu ne. Kada gwajin gaɓa ya taɓa intanet ko kaɗan: a ba shi farashi na kwaikwayo da aka rubuta a gida, ta yadda zai gudana ko a tsibiri cikin tafkin Kainji. Sa'an nan kowane jira a yanka masa wa'adi, domin gwajin da ya faɗi bayan daƙiƙa 10 ya gaya mana inda ciwo yake, wanda ya cije kuwa bai gaya mana kome ba. Muna roƙon malaman da ke koyar da wannan fanni a makarantunmu su sa waɗannan ƙa'idoji biyu cikin darussan farko.