Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

A ƙasar Gwandu da Kalgo, da zarar jikin yaro ya yi zafi, kafin a kai ga likita an riga an yanke hukunci a tsakar gida: "maleriya ce da taifot." Sai a aiki yayansa kemis. Ba za a ce masu wannan zato sun yi wauta ba. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka auna suna ɗauke da ƙwayar cutar maleriya a jininsu, kuma babu jihar da ta kai haka. Da aka fara allurar rigakafinta a Disamban 2024 ma, da Kebbi da Bayelsa aka fara.

Sai dai zafin jiki alama ce kawai, ba ya faɗin gaɓar da ke ciwo. Yana iya fitowa daga jini, ko huhu, ko mafitsara, ko rufin ƙwaƙwalwa. A farkon 2025 sanƙarau ya ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega, har gwamnatin jiha ta sanar da mutuwar mutum 26 a watan Maris. Ranar farko, mai sanƙarau da mai maleriya kusan kamarsu ɗaya: zazzaɓi, ciwon kai, amai. Kafin wuya ya ƙage, ko maɗigar jariri ta kumbura, lokaci ya ja, ga shi cuta ce mai iya kisa cikin yini guda.

Abin da ke raba gardama shi ne ɗakin gwaji. Na maleriya ba wuya: a soki yatsa, a ɗiga jini a kan 'yar farar roba, a jira kamar minti 15. Layi biyu, akwai. Layi ɗaya, a nemi dalili a wani wuri. Na sanƙarau kuwa sai an ɗebi ruwan ƙashin baya da allura. Iyaye da yawa na tsoronsa, wai yana gurgunta yaro, alhali cutar ce ke barin kurumta da nakasa in aka makara. Ruwan mai lafiya garau yake. Na mai sanƙarau yakan fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Shi kuma gwajin Widal da ake rubuta wa kowa taifot da shi, likitoci sun daɗe suna cewa shi kaɗai ba hujja ba ne, amma har yau ana shan magani a kansa.

Ciwon shawara ne ya fi damu na. Ido ya yi ɗorawa, sai a jiƙa sassaƙe iri ɗaya ga kowa. To amma wani hantarsa ce ta kamu da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda kan yi shekaru shiru kafin ciki ya fara tara ruwa. Wani hantarsa lafiya lau, jajayen ƙwayoyin jininsa ne ke farfashewa saboda sikila ko maleriya mai tsanani. Wani kuma hanyar matsarmama ce ta toshe, aikin tiyata yake jira. Yaya jiƙo ɗaya zai yi wa mutum ukun nan? Mai ciwon hanta ma, wani jiƙon ƙara wa hantar nauyi yake yi. Sikila kuwa ana iya ganinta tun kafin a kai kuɗin aure: in miji da mata duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

A fadamun shinkafa akwai tsargiya. Yaro ya yi fitsarin jini, manya su ce ai kowa ya yi, zai wuce. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata a cikin ruwa, ana kuma ganin ƙwanta a fitsari da madubin likita. Maganinta ƙwayoyi ne ƙalilan, amma in aka bar ta shekaru takan lalata mafitsara da ƙoda.

Hawan jini shi ko zafin jikin ma ba ya kawowa. Magidanci na noma, yana zuwa kasuwa, awonsa ya daɗe da wuce 140 bisa 90 bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi. Hawan jini da ciwon suga suna kan gaba wajen kai mutane ga wankin ƙoda, kuma awon duka biyun bai wuce 'yan mintoci ba.

Ba kowane gwaji ne sai an je asibitin gwamnati na Kalgo ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi ba. Na maleriya da awon hawan jini ana yin su a asibitin sha-ka-tafi, gwajin majinar tarin fuka kuma kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware. In an yi, a karɓi takardar sakamako a adana ta tare da katin asibiti, don likitan da za a gani gaba da ita zai kwatanta sabon awo.